Yadda Za Ka Bi Labaran Littattafan Kimiyya da Almara Har Ka San Abin Karantawa

Littattafan ƙagaggun labaran kimiyya da na almara da ake bugawa a shekara guda sun fi ƙarfin kowane mai karatu, ko da kuwa ba shi da wani aiki sai karatun. Bayan littattafan kuma ga surutun da ke biye da su: wane ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin ɗab'i, an fito da bangon littafin wance, an ce za a mayar da wancan fim, an yi cacar baki a kan wata lambar yabo. Mutum yana iya shafe wata guda yana bin waɗannan, ya san sunan kowa da abin da ake faɗa a kansa, alhali bai buɗe shafi ko ɗaya ba. Ni kuwa ina bin labaran ne domin su kai ni ga littafin da zan zauna in karanta, kuma duk abin da zan faɗa maka a nan a kan wannan ya ginu.

Ka fara sanin wanda ya yi zaɓen

Hanya mafi sauƙi ta shiga wannan duniya ita ce ta lambobin yabo, amma da sharaɗi. Kafin ka yarda da tambarin da aka manna a bangon littafi, ka tambayi kanka su wa suka zaɓe shi, kuma ta yaya.

Lambar Hugo ita ce ta fi suna. An fara ba da ita a 1953 a birnin Filadelfiya na Amurka, kuma tun daga 1955 ba a fasa ba. Sunan Hugo Gernsback aka sa mata, mutumin da ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Masu zaɓen su ne mambobin babban taron masoya wannan fanni na duniya, wato Worldcon, wanda aka fara a 1939. Ba alƙalai ba ne, masu karatu ne da suka yanki rajista, kuma ba dole ba ne mutum ya halarci taron kafin ya jefa ƙuri'a. Lambar Nebula kuma ta marubuta ce. Ƙungiyarsu ta SFWA, wadda Damon Knight ya kafa a 1965, ita ke zaɓe, saboda haka abin da take nuna maka shi ne abin da ya burge masu sana'ar su kansu. Akwai kuma waɗanda alƙalai ƙalilan ke yanke hukuncinsu bayan sun karanta tarin littattafai: World Fantasy, wadda aka fara a 1975 domin almara, da lambar Arthur C. Clarke, wadda tun 1987 ake bai wa littafin kimiyya da aka buga a Birtaniya. Ga marubutan Afirka akwai Nommo, wadda ƙungiyar African Speculative Fiction Society ta fara bayarwa a 2017.

Bambancin nan yana da tasiri sosai. Dubi yadda ake ƙirga ƙuri'ar Hugo. Ana ba mai zaɓe takarda ɗauke da littattafai shida, ya jera su daga wanda ya fi so zuwa wanda bai damu da shi ba. Idan babu wanda ya samu fiye da rabin ƙuri'un farko, sai a cire na ƙarshe, a duba takardun waɗanda suka zaɓe shi, a miƙa kowace ga littafin da mai ita ya sa a na biyu. Haka za a yi ta yi har wani ya haura rabi. Ka ga ke nan littafin da mutane da yawa suka sa a na biyu ko na uku yana iya doke wanda wasu suka mutu a kansa wasu kuma suka tsane shi. Tsari ne mai adalci, ban da ja a kai. Sai dai littafin da ya raba kan masu karatu, wanda ya zo da wani abin da ba a saba ba, sau da yawa shi ne nake nema, kuma shi ne irin wanda wannan ƙirga ke iya barinsa a baya. Alƙalai biyar da suka zauna suka yi muhawara sun fi iya tsayawa a kan irin wannan littafi, ko da yake su ma son ransu na iya rinjayarsu.

Shi ya sa shawarata ta farko ita ce ka daina tambayar wa ya lashe. Nemi jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe. Ka ɗauko na Hugo da na Nebula da na Clarke da na World Fantasy da na Nommo na shekara guda ka ajiye su gefe da gefe. Littafin da ya fito a jeri uku, to masu karatu da marubuta da alƙalai duk sun ga wani abu a cikinsa, kuma da wuya ka yi asarar lokacinka. Wanda ya fito a jerin alƙalai kaɗai, ba kowa ke maganarsa ba, shi ma ka sa masa alama, domin a nan ake tsintar abin mamaki.

Akwai ma wani jerin da mutane ba su cika dubawa ba. Bayan an gama bikin Hugo, masu shirya shi sukan fitar da cikakken lissafin ƙuri'u, har da sunayen waɗanda suka kusa shiga zagayen ƙarshe amma ba su samu ba. Kada ka raina wannan takarda. A 2015 littafin Liu Cixin, The Three-Body Problem, wanda Ken Liu ya fassara daga Sinanci, bai shiga jerin farko ba. Sai da wani marubuci ya janye nasa sannan aka matso da shi, kuma shi ne ya zo ya lashe, ya zama littafin fassara na farko da ya ɗauki Hugo a ajin cikakken littafi. Da wancan bai janye ba, da a takardar lissafin nan kawai za ka ga sunansa.

Dole kuma ka san cewa lambobin nan aikin mutane ne, suna kuma samun tangarɗa. A wannan shekarar ta 2015 wasu ƙungiyoyi biyu suka haɗa baki suka cika jerin da 'yan takararsu, masu zaɓe suka fusata har suka ƙi ba kowa lambar a aji biyar, daga baya aka sauya hanyar ƙirga sunayen da ake gabatarwa. A taron 2023 da aka yi a Chengdu ta ƙasar Sin an cire wasu ayyukan da suka samu isassun ƙuri'u ba tare da an bayyana dalili ba, ciki har da Babel na R. F. Kuang, wanda ya riga ya lashe Nebula. Lamarin bai fito fili ba sai da aka saki lissafin a Janairun 2024. A taron Gilasgo na 2024 kuma masu shiryawa da kansu suka sanar cewa sun soke ƙuri'u 377 na bogi. Ina kawo waɗannan ne don idan ka ga littafin da kake ƙauna bai samu komai ba, kada ka yi zaton kai ne ba ka iya karatu ba.

Yadda shekarar ke tafiya

Idan ka san lokutan, ba ka bukatar leƙe kullum. A watan Fabrairu mujallar Locus, wadda aka kafa a 1968, takan fitar da dogon jerin abin da masu sharhinta suka ga ya cancanci karantawa daga shekarar da ta wuce. Wannan shi ne jeri mafi faɗi, kuma da shi nake buɗe shekarata. Wajen Maris ake jin 'yan zagayen ƙarshe na Nebula, na Hugo kuma yawanci wajen Afrilu. Ana ba da Nebula da lambar Locus kafin tsakiyar shekara ta wuce, Hugo galibi a Agusta, World Fantasy kuma a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Tsakanin Afrilu da Agusta ne lokacin da ya fi daɗi, domin dubban mutane a duniya suna karanta abu ɗaya a lokaci ɗaya, sharhi kuma yana ta fitowa.

Game da inda za ka riƙa samun labari, wuri biyu sun isa. Locus tana kawo jerin littattafan da ke tafe da sharhi da hira da marubuta. David Langford kuma tun 1979 yake fitar da Ansible, 'yar takaitacciyar wasiƙar labarai ta wata-wata da ake karantawa kyauta. Mai son bin kowane motsi sai ya ƙara da shafin intanet na File 770 na Mike Glyer. Idan kana son tabbatar da wani abu, misali shekarar da littafi ya fito ko na nawa ne a jerinsa, akwai rumbun bayanai na ISFDB, da kuma The Encyclopedia of Science Fiction, wanda ya fara fitowa a matsayin littafi a 1979 kuma yanzu yana intanet kyauta.

Gajeren labari ne ƙofar

Nan ne na fi son in daɗe, domin yawancin masu shigowa suna tsallake shi. Suna jin sunan marubuci sai su nufi littafinsa mai shafi ɗari bakwai, su gaji a tsakiya, su ce fannin ba nasu ba ne. Alhali wannan fanni a mujallu ya girma, kuma har gobe a gajerun labarai ake fara gwada sababbin dabaru kafin su kai ga manyan littattafai.

Hugo da Nebula suna raba labarai bisa yawan kalmomi. Abin da bai kai 7,500 ba shi ne gajeren labari. Daga 7,500 zuwa 17,500 aji ne na biyu, daga 17,500 zuwa 40,000 matsakaicin labari, abin da ya kai 40,000 ko ya haura kuma cikakken littafi. Gajeren labari a zama ɗaya za ka gama shi. Wato a mako guda, ko da da daddare kawai kake samun sarari, kana iya karance dukkan shidan da suka kai zagayen ƙarshe, ka yanke naka hukuncin kafin a sanar da na masu zaɓe. Babu abin da ke wasa ƙwaƙwalwar mai karatu kamar wannan. Za ka jera su da kanka, ka ga inda kuka dace da jama'a da inda kuka saɓa, sannan ka tambayi kanka dalili.

Kuma da yawansu ba sai ka saya ba. Mujallu irin su Clarkesworld, wadda Neil Clarke ya fara a 2006, da Strange Horizons, da Uncanny, da Lightspeed, da Beneath Ceaseless Skies mai buga almara zalla, da Reactor wadda a da ake kira Tor.com, duk suna sa labarai a intanet a karanta kyauta. Omenana, wadda ta fara a 2014, tana buga marubutan Afirka da 'yan asalinta da ke waje. Wanda idonsa ke gajiya da allon waya yana iya sauraro, domin wasu daga cikinsu suna naɗar labaran da murya, Escape Pod kuma tun 2005 aikinta ke nan. Idan hali ya yi, ka tallafa wa ɗaya daga cikinsu, domin da kuɗin masu karatu suke biyan marubuta. Aikin editocin ma ya ƙaru: a Fabrairun 2023 sai da Clarkesworld ta rufe karɓar labarai na ɗan lokaci saboda ambaliyar rubutun da aka sa na'ura ta yi.

Dabarar ita ce, idan ka ji ana ta ambaton wani marubuci, ka fara neman gajeren labarinsa. Cikin rabin sa'a za ka san ko muryarsa ta yi maka. Matsakaicin labari ma hanya ce mai kyau. Binti na Nnedi Okorafor, wanda ya ɗauki Hugo da Nebula duka a 2016, a yini guda ake gama shi, kuma ya isa ya nuna maka ko za ka bi ta zuwa manyan littattafanta.

Labaran da za ka wuce

Sanarwar an sayi izinin mayar da littafi fim ba ta nufin za a yi fim ɗin, da yawa a nan maganar ke tsayawa. Yabon da wasu marubuta ke rubutawa a bayan bango talla ne, ko da sun faɗi gaskiyar ransu. Fito da hoton bango wata shida kafin littafi ba labari ba ne. Taurarin da ake bai wa littafin da bai ma fito ba kuwa, ka kawar da kai.

Abin da ya kamata ka bincika kafin ka fara littafin almara shi ne ko shi kaɗai ne ko kuwa juzu'in farko ne na dogon jeri, kuma ko an kammala jerin. George R. R. Martin ya fitar da juzu'i na biyar na babban jerinsa a 2011, masu karatu suka shafe fiye da shekara goma suna jiran na shida. Robert Jordan ya rasu a 2007 bai gama nasa ba, Brandon Sanderson ne ya ƙarasa shi a 2013 da juzu'i na goma sha huɗu. Ban ce kada ka fara jerin da ba a gama ba, domin idan kowa ya jira, kamfani zai ga na farko bai sayu ba ya ƙi buga na biyu. Ka dai shiga da saninka.

Shafuka talatin na farko

Wannan fanni yana da irin nasa karatun. Marubucin kirki ba zai tsaya ya yi maka lacca a kan duniyar da ya ƙirƙira ba. Zai jefa ka cikinta, ka riƙa tsintar bayani daga abin da mutanen ciki suka ɗauka ba komai ba ne. Idan wata ta tambayi maƙwabciyarta nawa ne kuɗin iskar wannan wata, an riga an gaya maka cewa a inda suke ana sayen numfashi, akwai mai sayarwa, akwai kuma wanda zai kasa biya. Marubuci Samuel R. Delany ya daɗe da nuna cewa a irin wannan rubutu jimlar da a wani littafi salon magana ce, a nan tana iya zama zahiri. Idan aka ce kansa ya rabu biyu, sai ka dakata ka ga ko ruɗewa ya yi ko kuwa da gaske an kwafi tunaninsa an zuba a jiki na biyu.

Don haka idan ka ji ka ɓace a farko, kada ka yi saurin ajiyewa. Ka ba littafin kamar shafi talatin zuwa hamsin, kana riƙe da baƙin sunaye da kalmomi ba tare da ka matsa sai ka gane su nan take ba. Idan ka kai nan har yanzu ba ka damu da kowa a ciki ba, kuma babu wata tambaya da ke jan ka gaba, ajiye shi ka ɗauki wani, ko da lambobin yabo nawa ya kwasa.

Kada kuma sababbi su hana ka tsofaffi. Ni nakan sa tsoho ɗaya a tsakanin sababbi, domin marubutan nan amsa wa juna suke yi. Wanda ya karanta The Left Hand of Darkness na Ursula K. Le Guin, na 1969, ko littattafan Octavia Butler, zai ga inda tambayoyin da ake yi yau a kan jinsi da mulki da bauta suka samo tushe, kuma zai fi gane abin da N. K. Jemisin ta yi har ta ɗauki Hugo shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018. Na Mary Shelley da H. G. Wells da Jules Verne kuwa suna nan kyauta a Project Gutenberg, rumbun tsofaffin littattafai na intanet.

Rubuta naka ra'ayin

Ina da littafin rubutu da nake buɗe wa kowane labari rabin shafi. A sama sunan labarin da marubucin da shekarar, da mai fassara idan akwai, domin aikinsa ne kake karantawa kalma bayan kalma kuma ana yawan mantawa da shi. A ƙasa nakan amsa tambaya uku. Mene ne abu ɗaya da marubucin ya sauya daga duniyarmu? Wa wannan sauyi ya amfana, wa kuma ya cutar a cikin labarin? Marubucin ya bi dokar da ya kafa har ƙarshe, ko kuwa da ya shiga tsaka mai wuya ya karya ta don ya ceci jarumin? Ta ukun nan ita ce ke raba mini gwani da wanda bai ƙware ba. Idan an ce sihiri yana cin shekarun mai yin sa, to a babin ƙarshe ina so in ga furfura. Idan an ce saƙo yana shekara goma kafin ya isa wata duniya, ba na son in ga amsa ta iso da safe saboda labari yana bukatarta.

Ka rubuta wannan kafin ka karanta sharhin kowa. Gani ya kori ji, amma idan ka fara jin ra'ayin mutum goma, da idonsu za ka gani. Bayan ka rubuta naka sai ka je ka nemi na wasu, musamman na wanda ya saɓa maka. Da tafiya ta yi tafiya za ka gane masu sharhi biyu ko uku da ka san ɗanɗanonsu, har ka iya cewa abin da wane ya yaba zai yi mini, abin da wance ta kushe saboda jan labari a hankali wataƙila shi nake so.

Idan za ka fitar da sharhinka ga jama'a, taƙaita bayanin labarin a layi uku ko huɗu, ragowar ka ba wa abin da ka gani da dalilinka. Kawo misali daga cikin littafin, wuri ɗaya takamaimai da ya yi aiki ko ya gaza, maimakon ka ce ya yi daɗi ko bai yi ba. Idan dole sai ka tona ƙarshen labari kafin hujjarka ta tsaya, ka yi gargaɗi tun daga sama. Ka faɗi irin mai karatun da littafin zai dace da shi ko da kai bai yi maka ba, ka kuma ambata idan kyauta aka ba ka shi domin ka yi sharhi. Littafin kake auna, saboda haka ka bar halin marubucin a gefe sai idan shi ne batun, kuma idan sharhin suka ne, kada ka aika masa kai tsaye a Facebook ko wani dandali, masu karatu ka rubuta wa.